Gashin Bakin Kawu

Kawuna bai taɓa shan taba ba, shi ya sa da likita ta ce ciwon daji ne a huhunsa, ya ce a sake duba hoton, wataƙila na maƙwabcinsa ne. Ni na raka shi asibiti, ni na sha kunya.

Likitar ta ce za a ɗan yanki ƙarin da ya fito a huhun a gwada. In an samu wani irin canji a cikin ƙarin, ƙwaya zai riƙa sha a gida. In babu, sai maganin ƙarin ruwa, mai zubar da gashi. Nan take Kawu ya dafe gashin bakinsa, wanda yake shafa wa mai kullum, har da ɗan matajinsa a aljihu.

"Canjin ya fi yawa a wasu zuriyoyi," in ji likita. "Baba, mene ne asalinka?"

"Aurena za ki yi?"

"A'a, Baba."

"To wace zuriya ce ke samun ƙwayar? Faɗa min tukuna."

Da ta ce an fi ganinsa a mutanen gabas mai nisa, sai ga Kawu ya tuna kakansa daga can ya zo, a kan doki. Bara ya ce min daga yamma ya zo, a jirgin ruwa. Ya jero kakanni maza, duk jarumai, duk masu gashin baki. Ko mace ɗaya babu, sai ka ce ƙyanƙyashe su aka yi.

"Asali hasashe ne kawai," in ji likita tana danne dariya. "Ƙarin ne zai faɗi gaskiya."

Ya kuwa faɗa. Babu canjin.

Ranar da za a fara ƙarin ruwa, Kawu ya kulle kansa a banɗaki da reza, wai ba zai bari magani ya riga shi ba. Da ya daɗe bai fito ba, hankalina ya tashi, na buga ƙofa. Ya buɗe, leɓe fayau, yana kallon madubi, idonsa cike da hawaye.

"Kawu, zai sake tsirowa fa."

"Ba shi ba ne, ɗana. Zo ka gani. Wallahi bakin Innata ne sak, ashe tana nan tun tuni na rufe ta da gashi."

Ya miƙa min matajin, ya ce mu tafi kada mu makara.