Jariri Mai Haƙuri

Tun ranar da Buawan ta haihu, cikinta ya koma hannun uwarta. Inna Tongsi ba ta wasa da jego. Ta kwantar da ita a gefen wuta kamar yadda ake yi wa kowace mai jego a ƙauyenmu na bakin kogin Nam U, sannan ta ƙayyade mata abinci: shinkafa mai danƙo, gishiri, gasasshiyar citta, da ruwan zafi na saiwoyi. Ban da nama, ban da ƙwai, ban da wake, ban da ganye. Sauran iyaye da an tashi daga wuta sukan sassauta wa 'ya'yansu. Ita kam ta ce sai yaro ya fara zama. Mace ce da ba a taɓa jin ta amsa kuskure ba, ko da na gishirin miya ne.

"Ku shida na shayar a kan wannan abincin," take cewa. "Nuna mini kabarin ɗaya."

Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Shinkafar da ta ci a nata jegon a turmi aka surfa ta, da sauran jan bayanta. Yanzu inji ya shigo gari, yana fitar da ita fara fat, abin da ke riƙe jiki duk ya bi dusa, dusar kuma ta tafi kwamin aladu a ƙarƙashin gida, don gidajenmu a kan dirkoki ake ɗora su. Aladun sai sheƙi suke yi. Buawan kuwa ƙafafunta sun yi nauyi, tafin kamar ana tsira mata allura, hawa tsanin gida ma sai ta tsaya hutawa.

Kwaɗo ake kiran yaron, don kada iskokai su ji suna mai daɗi su yi sha'awarsa. Da farko idan ya tsanyara kuka har masu su a bakin ruwa sai sun ji. Cikin wata na uku muryar ta dashe, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Yakan wangame baki, fuska ta yamutse, ƙirji yana ta bugawa, amma babu sauti. In ya sha nono sai ya dawo da shi. Buawan tana kallonsa tsoro yana cin ta. Inna Tongsi kuwa goya shi take yi tana zaga gidaje.

"Kun ga jikana? Ko uhum ba ya cewa. Ku da kuke ɗura wa 'ya'yanku kaji da kifi, ai muna jin naku suna tashin gari."

Ranar da ma'aikaciyar lafiya ta zo riga-kafi a kwalekwale, ta soka wa Kwaɗo allura, ya buɗe baki, shiru. Sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Me kike ci?" ta tambayi Buawan.

Buawan ta lissafa mata, lissafin bai daɗe ba.

"Ba haƙuri ne da yaron nan ba, ciwo ne, zuciyarsa ce ke gajiya. Akwai abin da nononki ya rasa. Yana cikin naman alade, yana cikin wake, yana cikin dusar shinkafar da kuke zubarwa. Ga ƙwayoyi ki fara sha. Shi kuma allura yake buƙata, babu ita a jakata, tana asibitin gunduma. Ku shigo mu tafi tare yau."

Inna Tongsi ta haɗa tafuka ta rusuna, ta yi godiya da murmushi, ta ce gobe za su biyo baya. Kwalekwalen na shan kwana ta karɓe ƙwayoyin daga hannun 'yarta ta watsa su a ruwa.

"Yarinyar da ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ita za ta koya mini reno?"

Buawan ta sami mijinta Kamtan yana gyaran komar kamun kifi. Shi a gidan surukai yake zaune, kamar yawancin mazan wajenmu, kuma tun zuwansa ya koyi cewa shiru ya fi sauƙi.

"Yaya, ka kai mu. Ni zan riƙe shi, kai ka tuƙa kawai."

"Kin gaya wa Inna?"

"Ɗanka ne fa."

"Na sani. Amma ita ta fi mu sanin waɗannan abubuwan. Bari a ga gobe." Bai ko ɗago kai daga komar ba.

Gobe ta yi, ba wanda ya taɓa kwalekwale. Da rana Inna Tongsi ta tafi gona, Buawan ta lallaba ta sauka ƙarƙashin gida. Nama ba ta isa ta samu ba, wake yana rufe a ɗakin uwarta, amma buhun dusa yana nan jingine. Ta ɗiba a ƙoƙo, ta jiƙa da ruwa, ta durƙusa kusa da kwamin tana cusawa. Dusar tana shaƙe ta, tana tari, tana ƙarawa, aladu suna tura hanci a gwiwarta. A ranta cewa take ko kaɗan ne ya kai ga yaron.

A haka Inna Tongsi ta same ta, ta dawo ɗaukar lauje. Ba ta dake ta ba, da dukan ma ya fi. Leƙawa ta yi ta kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"Ku zo ku ga abin da na haifa. Ashe aladuna sun ƙaru ban sani ba. Ci gaba mana, 'yar nan, kada mu katse miki."

Wasu suka yi dariya, wasu suka kawar da kai. Inna Tongsi ta hau sama ta ɗauke yaron, ta ce nonon ya lalace, ba zai ƙara taɓa bakin jikanta ba sai an wanke cikin uwar da ruwan saiwoyi. Ta tauna shinkafa tana tura masa. Buawan ta yi roƙo har ta kama ƙafarta, uwar ta ture ta. Washegari da hantsi leɓɓansa suka yi shuɗi, ya miƙe a hannun kakarsa, ya tafi.

Jariri ba a yi masa dogon biki. Aka naɗe shi a tabarma, maza suka kai shi daji. Amma mutanen da suka zo zaman gaisuwa dole su ci, don haka Kamtan ya yanka ɗan alade. Ƙamshin ya cika gidan. Buawan tana zaune a lungu, Inna Tongsi ta zubo nama ta cika kwano ta dire a gabanta.

"Ci. Yanzu kam babu wanda za ki cutar."

Buawan ta yi niyyar kifar da kwanon. Amma jikin da ya yi watanni a kan gishiri bai nemi shawararta ba. Hannunta ya tafi da kansa, ta kai yanka ɗaya, ta kai na biyu, tana kuka tana taunawa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne naman ya yi mata daɗi. Nono ya cika ya tsattsafo, ya jiƙa gaban rigarta.

Inna Tongsi ta juya ga matan da ke zaune, ta nuna ta da haɓa.

"Kun dai gani da idonku. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Wannan cikin ne ya cinye mini jika."