Tsakuwar Bakin Rijiya

Shekarar da kamfanin kuza ya rage ma'aikata, ita ce shekarar da idon Maimunatu ya tafi. Wata takwas ta yi a ɗaki, ko zaure ba ta leƙawa. Mijinta Haladu, wanda ya daɗe yana yi wa Turawan kamfani aikin lambu, sai ya mai da tsakar gidansu na unguwar Gangare a Jos lambun da hanci da kunne za su iya bi. Ya dasa ɗoɗɗoya a bakin ƙofarta, na'ana'a a gefen rijiya. Ya rataye hujajjen gwangwani yana ɗiga a kwano kusa da randa. Rijiyar kuwa, da yake 'yan haya ba sa rufe ta, ya kewaye ta da tsakuwa domin tafin ƙafa ya ji ya tsaya.

Ranar Asabar yayanta Gwadabe ya sauka daga Zariya, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Tafiya zan yi da ita. Ba na barin ƙanwata inda babu mai ja mata gora."

"Yaya, zauna," in ji Maimunatu daga ɗaki. "Ni zan kawo maka ruwa da kaina. Malam, kai kuma ko tari ka yi, na bi shi Zariya."

Ta fito ba takalmi. Hannunta ya shafi ɗoɗɗoya, ƙamshi ya tashi, ta miƙe hanya. A lokacin ne Haladu ya dubi ƙasan bakin rijiya. Babu tsakuwa ko ɗaya, sai sawun tsintsiya.

Ulonma, 'yar hayarsu, ta matso tana raɗa da fara'a: "Oga, na share gida tas, tunda baƙo ya zo. Wancan dutse-dutse duk na zubar."

Taku biyar ya rage ta kai bakin rijiya. In ya yi magana ta tafi Zariya, in ya yi shiru ga ramin gaba goma sha biyu. Huɗu. Ya ji gumi na bin bayansa duk da sanyin Jos. Uku. Gwadabe ya yunƙura, Haladu ya damƙe masa hannu, shi kansa bai san ya yi ba, ƙafarsa ɗaya kuma ta riga ta ɗaga don tsalle.

Maimunatu ta tsaya cak. Ta ja numfashi, ta karkata kai. Sannan ta duƙa a hankali, ta lalubo na'ana'a, ta tsinki ganye biyu.

"Wace mai tsabtar ce ta kwashe mini tsakuwata?"

Ulonma ta dafe ƙirji.

Maimunatu ta juya hagu, ta bi ɗigar gwangwani har randa. Ta dawo da moɗa cike, ganyen na yawo a kai. Gwadabe ya karɓa, ya shanye tas, ya daɗe yana kallon gindin moɗar.

"Haladu," ya ce, "ina ake samun tsakuwar nan? Tashi mu ɗebo."