Gudumar Baba

A duniyarmu alloli bakwai ne, kuma babu wanda yake saukowa ƙasa. Kowanne yana da bardensa, mutum ɗaya da yake yi masa faɗa da aike. Babana shi ne barden Mai Tsawa.

Aikin yana da daɗinsa. Barde rabinsa mutum ne, rabinsa na sama. Baba bai taɓa yin mura ba, kuma ya taɓa ɗaga motar kaya da hannu ɗaya don a ciro akuya. Sharaɗin ɗaya ne: gudumar Mai Tsawa ba ta barin hannunsa. Da ita yake barci, da ita yake wanka. Ba a ajiye ta a ƙasa, kuma duk wanda ya karɓe ta daga hannunsa ya zama barde nan take. Shi ma haka ya same ta, ana saura mako guda a haife ni. Wani tsoho ne a tasha ya ce masa, "Samari, riƙe min wannan in gyara takalmina." Bai sake ganin tsohon ba.

Muddin tana hannunsa, wuta tana yawo a jikinsa. Babban mutum in ya gaisa da shi gashinsa ne kawai zai miƙe. Jariri ba zai jure ba. Saboda haka Baba bai taɓa ɗaukata ba.

Ranar da na haihu, da hantsi, ya shigo ɗakin asibitin a karkace don kada gudumar ta daki ƙofa. Fitilar rufin ta kama ƙiftawa. Mama tana bakin gado tana ninke zannuwa, mijina yana tsaye da flas ɗin ruwan zafi.

Baba ya leƙa fuskar yaron. "Kai, abokina, wannan hanci nawa ne, ka sato shi." Ya miƙo hannun hagu.

Ungozoma ta shiga tsakani. "Ranka ya daɗe, ja da baya. Ka kashe dodon teku, mun gode, amma a ɗakin nan ni ce babba."

"Da yatsa ɗaya fa."

"Ko da farce."

Ya tsaya yana kallon yaron. Can ya juya wurin mijina, muryarsa ta yi laushi irin wadda ban taɓa ji ba.

"Malam, ɗana na kaina, ɗan riƙe min wannan."

Mijina ya rungume flas ɗin da hannu biyu. "Baba, hannuna a cike yake."

"Ajiye shi mana."

"Ruwan zai huce."

"Minti ɗaya."

"Baba, ni lissafi nake koyarwa. Ƙadangare ma sai 'yarka ta kore min shi."

Baba ya zauna a kujerar roba, kujerar ta fara ƙauri. Ya ce da ni, "'Yar Baba, shekara talatin ke nan. Ke ban samu na ɗauke ki ba. Shi ma haka zai girma ina kallo?"



Mama ta gama ninke zanin ƙarshe, ta goge hannunta, ta ce, "Kawo."

"Kawo me?"

"Me kake riƙe da shi? Kawo nan."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Aikin nan ba wasa ba ne."

"Wa yake tashinka in Mai Tsawa ya yi kira kana minshari? Wa ya gaya maka ta wutsiya ake kama dodon nan? Da ta kai ka nufa, malam jarumi. Ni dai gwiwa ta ishe ni da ciwo, kuma na ji an ce barde ba ya ciwon gwiwa."

Baba ya dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ya miƙa mata.

Fitilar ta fashe. Ɗankwalin Mama ya tashi sama ya manne a rufi. A waje, babu ko hadari, aka yi tsawa mai tsawo, irin ta wanda aka taɓa masa kaya bai sani ba.

Mama ta buɗe taga ta ɗaga kai. "Na ji ka. Ka rage murya, akwai masu jego a nan. Zan zo bayan na yi wa 'yata wanka, ba kafin nan ba."

Tsawar ta ɗan yi gunaguni, ta yi shiru.

Baba kuwa yana ta juya hannunsa na dama, yatsun sun ƙi miƙewa. Ya yi atishawa, ta farko a shekara talatin, ya tsorata. Ungozoma ta sa shi ya wanke hannu sau biyu, ta taɓa goshinsa da bayan hannunta don ta tabbatar babu sauran wuta a jikinsa, sannan ta ɗora masa yaron.

"Tallafi kansa. Ba haka ba. Mutum ne, ba makami ba."

Ya riƙe shi a sandare, ko numfashin kirki ba ya yi.

"Yana da nauyi," in ji shi.

"Kilo uku ne," in ji ungozoma.

Yaron ya buɗe ido ɗaya, ya dube shi, ya tsula masa fitsari a riga. Mijina ya matso zai karɓa.

"Koma wurin flas ɗinka," in ji Baba.