Ranar da Amir Ya Saki Kakarsa

Na koyar da Hausa a sakandare a Zariya har ɗalibaina suka fara kawo mini 'ya'yansu, amma sai da na zo Riyadh aka zaunar da ni a gaban jama'a ana tuhumata da lalata tarbiyyar yara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mijina Inuwa na biyo, yana aikin gwajin jini a wani asibiti, ni kuwa igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta zaman gida ce. Zama ya ishe ni, ga 'ya'yan 'yan uwanmu da aka haifa a nan, in ka gaishe su da Hausa sai su tsaya suna kallon bakinka. Shi ne na buɗe aji a falona da ke unguwar Shumaisi, duk ranar Asabar. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan falon ba.

A cikin yaran akwai Amir, ɗan Likita Uwais, bai wuce shekara goma ba. Wata Asabar na ce kowa ya ba ni labarin kakarsa, sai ya murtuke fuska.

"Malama, ni ba na magana da ita. Majnuna ce."

"Kai, rufe mini baki! Me ta yi maka?"

Da guntuwar Hausarsa, rabi Larabci, ya ce duk sanda aka kira ta a waya daga Rano sai ta ce masa mijinta, ta ce ya bar ta ba cefane, ta ce za ta kai ƙararsa wajen alƙali. Shi kuma abin na ba shi tsoro da kunya, sai ya ajiye wayar ya gudu. Saura kaɗan dariya ta ƙwace mini, amma tausayin tsohuwar ya fi kama ni. Tana can tana jan jikanta da wasa, shi yana nan yana gudunta.

Ranar na ajiye darasin da na shirya. Na gaya musu cewa a wajenmu kaka da jika abokan wasa ne, ita ta tsokane ka, kai ka rama, kuma ramawar ce ke nuna kana son ta. Na ɗaura ɗankwali irin na tsofaffi, na lanƙwashe baya, na ce kowa ya zo ya gwada ni. Falo ya kaure da dariya har maƙwabciyata ta buga bango.

Ba a yi kwana uku ba saƙonni suka fara zuba a dandalin iyayen yara na waya. Ashe Amir ya kira kakarsa da kansa, tana cewa mijina, sai ya ce, "Na sake ki, tsohuwa, ba ki da haƙori ko ɗaya, na samo amarya a Riyadh." Uwarsa Bilqis tana kicin ta ji. Ita a nan aka haife ta, a nan ta girma, ba ta taɓa zama da kaka ba. Ta fizge wayar, ta rufe shi da faɗa, sannan ta sanar da duniya cewa rashin kunya nake koya wa 'ya'yan mutane, a rufe ajin.

Aka kira ni gidansu ranar Alhamis. Ga gahawa, ga dabino, ga iyaye sun jeru, ni a tsakiya kamar wadda aka kama da kayan sata.

"Aib, ya ustaza, aib!" in ji Bilqis. "Yaro ya ce wa uwar ubansa ya sake ta? Mun ba ki su ki koya musu gaisuwa, ba wannan ba. Halas, shi ke nan, ni dai na cire nawa."

Wallahi ban ga laifinta sosai ba, abin da ba ta sani ba ne. Wanda ya ƙona mini rai shi ne mijinta. Mutumin Rano ne, na tabbata ya saki tasa kakar sau ba adadi yana yaro, amma ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

"Likita," na ce, "kai ma ba ka san wasan kaka da jika ba?"

Ya yi gyaran murya. "To, Malama, kin san nan ba gida ba ne. Kowane wuri da tsarinsa."

Sauran ma haka. Manyan mutane, masu digiri, waɗanda suka tashi a gindin kakanninsu, kowa ya kama bakinsa don kada a ce shi baƙauye ne. Wani injiniya har da cewa dama lokacin ya fi dacewa da darasin Turanci, Hausa ai a gida ake tsintarta. Na ce masa a wane gidan, wanda 'ya'yansa ke amsa masa da Larabci, na'am ya baba? Na ɗauki jakata na fita, ko gahawarsu ban taɓa ba.

Asabar ta zo, yara uku kacal suka shigo. Na koyar da su, amma zuciyata a dagule take. Na gaya wa Inuwa cewa daga wannan makon na daina, ba zan yi ta wahala a kan 'ya'yan waɗanda ke jin kunyar harshen uwarsu ba.

Ina wanke-wanke da la'asar wata baƙuwar lamba ta Najeriya ta kira ni.

"Ke ce malamar da ta sa mijina ya sake ni?"

Nan take na gane kakar Amir ce. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Da kyar na samo lambarki." Sai ta ci gaba da cewa, "'Yata, tunda aka haifi yaron nan ban taɓa jin ya yi mini dariya ba. Na ɗauka ƙina yake yi. Ranar nan har maƙwabta na tara na ba su labari, na ce jikana na Saudiyya ya sake ni. Allah ya yi miki albarka."

Na zauna a bakin ƙofar kicin da kumfa a hannuna, hawaye na zuba. Ta ce ta ji abin da aka yi mini, kuma ta riga ta yi magana da ɗanta, ba da wasa ba.

Na fasa rufe ajin, Asabar ta gaba kuwa aka ƙwanƙwasa ƙofa tun kafin in gama shimfiɗa. Amir ne, ya wuce ciki da gudu yana cewa kakarsa ta ce sai ya yi biko, in koya masa yadda ake yi. A bayansa Likita Uwais ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ni, yana ta juya mukullin mota.

"Malama, Hajiya ce ta ce in kawo shi."

"Na sani," na ce. "Ka cire takalmi ka shigo, Likita. Kai ma akwai wuri a tabarma."