Kifin Da Ya Sha Turare

An tayar da Falalu mai turare daga rumfar da ya gada a kasuwar Talata Mafara cikin bazarar 1979, a kan ƙarar da shi da kansa ya kai.

Maƙwabcinsa Sambo mutumin Maradun ne. Ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonarsa, ya koma sayar da bandar kifi, Sarkin Kasuwa ya ba shi gurbi jikin rumfar Falalu. Shi kuwa Falalu da hancin mutane yake ci: ya ɗiga turare a bayan hannun mai saye, ya jira ya shinshina. Tun zuwan Sambo, kowa ya shinshina sai ya yamutsa fuska. Wata tsohuwa har ta tambaye shi ko na tarwaɗa ne.

"Kai Sambo, janye ƙarnin ga naka," in ji Falalu.

"Abincina kaka kira ƙarni? Tahi ka hwaɗa ma ruwan da yac ci gonata."

Falalu ya samo kasko da garwashi, ya ajiye daidai kan iyaka, ya dinga barbaɗa turaren wuta yana fifita hayaƙin wajen kifin. Sambo na tari, idanu jawur. Da Falalu ya ga bai gusa ba, sai ya kai ƙara.

Ana cikin magana gaban Sarkin Kasuwa sai ga Taiba mai tuwo, wadda ke ciyar da leburorin madatsa, riƙe da kwanon miya.

"Ranka shi daɗe, ɗanɗana. Kihin Sambo ne. Leburori sun ce miyar likkafani niy yi musu."

Ya ɗanɗana, ya tofar.

"Bandar kihi hayaƙi taka sha," in ji Sambo, "kowane anka ba ta."

Sarkin Kasuwa ya dubi Falalu. "Kwalabenka a toshe suke. Warin Sambo ga hanci yat tsaya, naka ya shiga cikin mutane. Kwashe kayanka."

Aka ba shi wuri bakin tasha, inda manyan motocin aikin madatsa ke wuni suna aman baƙin hayaƙi. Tsohuwar rumfar tana rufe da asabari. Sambo ya nemi a ba shi ita, Falalu ya nemi a mayar masa. Sarkin Kasuwa bai amsa wa kowa ba tukuna.