Zare Arba'in da Shida

Shekara talatin tela yana riƙe allura a baki in yana ɗinki, shi ya sa da gyambo ya fito masa a gefen harshe bai kawo komai a ransa ba. Allura ce, ya ce. Tun rasuwar matarsa babu mai ce masa "buɗe in gani", balle a tasa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Maɓallin wuyan rigarsa ne ya tona asiri, ya ƙi shiga. Mutumin da ya auna wuyan rabin unguwa, sai ranar ya shafa nasa. Kaluluwa ce ƙarƙashin muƙamuƙi, tauri kamar tsakuwa, ko ciwo ba ta yi.

A asibiti aka yanki tsoka aka kai gwaji. Ranar karɓar sakamako kowa a benci da ɗan rakiyarsa, shi kuwa da hularsa a gwiwa.

"Baba, sankara ce," in ji likita. "Kowace ƙwayar jikin mutum zaren halitta arba'in da shida ne cikinta. Na gyambon nan sun zarce, wasu har saba'in."

"To ai ƙari alheri ne, likita."

Likitar ba ta yi dariya ba. "Ban da wannan. Irinsu ba su cika zama wuri ɗaya ba, ga shi sun riga sun sauka wuya. Jibi za mu yi aiki, mu cire kaluluwar da yawancin harshen. Magana kuwa, wataƙila ta dawo, wataƙila a'a."

Bai nemi bayani ba. Ya san yadda zare ke cukurkuɗewa in ya yi wa keke yawa.

Ya koma shago, ya zauna gaban keken da ya rufe da zane. Mutuwa ba ta ba shi tsoro ba. Abin da ya tsaya masa a rai 'yarsa ce tilo, da ke aiki a gari mai nisa. Yana da maganar da yake so ta ji da muryarsa. Ya kira ta.

"'Yata, ina so..."

"Baba, me ke bakinka? Allura ko? Ba na jin ka sosai, kuma ina tsakiyar aiki. Bari in kira ka ƙarshen mako, mu sha hira."

Ƙarshen mako saura kwana huɗu. Ya buɗe baki, sai ya ji ana ƙwala mata kira daga can.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."