Bajimin Zayyanu

Alhaji Bawa ba marowaci ba ne. Ciwonsa shi ne son a gani, da tsoron kada a gani. Abin da zai jawo masa yabo sai ya kai shi tsakiyar fili, wanda zai sa a yi masa jaje kuwa sai ya danna masa kwaɗo. Ga yadda ta kaya da shi wata Asabar a Kalgo.

Tun hantsi yake tsaye bayan a-kori-kura yana faɗa da direba, wai lallai a sauke bajimin a gaban rumfar manyan baƙi, ba bayan makaranta ba. Taron gidauniya ake yi a filin makaranta. Wata ƙungiyar ma'aikatan jinya ce ta kira shi, suna neman abin da za su riƙa kawo likitan ƙwaƙwalwa duk mako ya duba matasa kyauta, ragowar kuma a aika wa masu binciken abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar samari. Wani ya kawo buhun shinkafa, wani albasa. Shi Alhaji, dillalin shanu daga Gwandu, farin bajimi ya kawo, har da sabulu aka wanke shi.

Sanƙira ya ɗauki lasifika. "Alhaji Bawa na Gwandu, uban marasa lafiya, ya ba da bajimi sukutum."

Alhaji ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ido ɗaya na kan mai ɗaukar hoto. Da Malama Surayya, shugabar ƙungiyar, ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar zazzaɓi, kada kowa ya ɓoye nasa, ba wanda ya kai shi gyaɗa kai. Alhali wata goma ke nan ɗansa na fari, Zayyanu, yana kulle a wani ɗaki a gonarsa ta Maruda. Tun da ya dawo daga makaranta barci ya ƙaurace masa, yana magana shi kaɗai. Duk wanda ya tambaya sai Alhaji ya ce yaron nan yana Legas wajen kasuwanci. Ko sunansa ba ya kamawa, mutane suna zaton kunyar ɗan fari ce.

Ana cikin haka babura biyu suka tsaya bakin fili. Daga na farko Inno ta sauko, mahaifiyar Alhaji, wadda ke zaune a Dalijan. Daga na biyu Zayyanu ne, ya rame, suma ta taru, yana kare idonsa daga rana.

Alhaji ya tare ta da sauri, babbar riga na jan ƙasa. "Inno, mi ya kawo ki nan? Mu je mota."

"Rediyo ya kawo ni. An ce yau akwai likita. Kai mi ya kawo ka?"

"Ki rufa mini asiri, mutane na kallo."

"Wata goma kana rufa shi. Sai da na ari taɓarya kafin ƙofar ta buɗe."

Sai idonta ya kai kan bajimin. Ta zagaye shi, ta kama kunnensa ta juya. "Wanga sa na wane ne?"

"Nawa ne mana. Daga garkena ya fito."

"A garkenka yake kiwo dai. Wagga tsagar kunne shaidar gidanmu ce. Ranar sunan Zayyanu na ba shi karsana, wanga jikanta ne. Bawa, ka kulle mai dukiya, ka wanke dukiyarsa da sabulu, ka kawo a yi maka kirari?"

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani a wurin. Kowa ya san saniyar suna ta yaro ce, ita da duk abin da ta haifa, uba mai tsaro ne kawai.

Malama Surayya ta matso. "Alhaji, ka yi haƙuri, ba mu karɓar sadaka sai da yardar mai ita."

"Wace yarda? Mutumin da ba ya cikin hankalinsa za ki tambaya?"

Da bakinsa ya faɗa, da ƙarfi, a gaban abokan cinikin da ya yi ta ce wa Legas.

Malama Surayya ta juya ga saurayin. "Malam Zayyanu, sannu da hanya. Bajiminka ne. Me kake so a yi da shi?"

Zayyanu ya daɗe yana shafa tozon bajimin. Can ya ce, "Likitan yana sa mutum ya yi barci?"

"Yana sawa. Ba rana ɗaya ba, amma yana sawa."

"To ku ɗauka. Amma a fara da ni."

"Da kai za a fara."

Sanƙira dai mai kyauta yake bi. Ya gyara murya ya ce a yi gyara, bajimi daga hannun Zayyanu jikan Inno ya fito. Jama'a suka yi ta sa albarka, Inno ta ja hannun jikanta suka shiga ajin da likita yake.

Alhaji ya koma Gwandu a gaban a-kori-kura, bayanta wayam. Bajimi ya tafi da sunan wani. Kuɗin mota da tukuicin sanƙira sun bi bajimin. Washegari Inno ta aiko aka ware shanu shida, zuriyar karsanar nan, aka kora su Dalijan. A kasuwar shanu ba a sake tambayarsa labarin Legas ba. Zayyanu kuwa, da ya fito daga wurin likita da maganinsa, baburin da ke bin na kakarsa ya hau, kuma har yau a Dalijan yake kwana.